Yadda Na Nemo wa Inna Izinin Banda

Ranar da aka ba ni gida a kwatas ɗin ma'aikata a Birnin Kebbi, sai da na sa hannu a wata takarda mai shafi biyu. Muna cikin Jihar Sakkwato a lokacin, ba a kai ga yanke mana tamu ba, don haka ko ƙusa za a buga a bangon gwamnati sai an ji ta bakin Sakkwato. Ina jin a tarihin unguwar nan ni kaɗai na karanta takardar tun daga sama har ƙasa. Sauran ma'aikata inda ake sa hannu kawai suka tambaya, suka karɓi mabuɗi suka yi gaba. Ni kuwa na gyara zama, na bi ta layi-layi da bakin biro, har mai ba da mabuɗin ya fara hamma. A shafi na biyu aka ce gidan na kwana ne kurum. Ba kiwo, ba sana'a, ba ciniki kowane iri, wanda kuma ya saɓa za a karɓe gidan a ba wani.

Ni akawu ne a wata ma'aikata, kuma a shekarun nan na yi imani da takarda fiye da yadda ya kamata mai hankali ya yi. Na ɗan je kwas na aikin ofis na dawo ina ganin duk abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Ko saƙon cefane zan bar wa matata sai in ji kamar in yi kwafi biyu.

Gidan ɗaki biyu ne da falo, ga famfo, ga lantarki. Wanda ya zana shi bai san zaure ba, ƙofar falo kan titi take buɗewa. Saboda haka abin da kowane magidanci ke fara yi, tun kafin ya shigo da gado, shi ne ya kewaye bayan gidan da zana, ya samo guntun kwano da ragowar fenti ya rubuta "Ba a shiga" ya rataye.

To, bayan kowace zana akwai masana'anta. Matar malamin dabbobi tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. A gidan wani malamin makaranta keken ɗinki biyu ke kuka tun hantsi. Maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wata Kirista 'yar Filato da kowa ke kira Maman 'Yan Biyu, firjinta bai taɓa sanin abincin gida ba, ƙanƙara da zoɓo yake haifa, ga kaji cike da bayan ɗaki. Hukuma ta san da wannan duka, don tana da hanci tana da kunne, kuma matan hukumar su ne manyan masu saye. Amma namiji baligi ba ya ɗaga zanar gidan wani ya leƙa iyalinsa, ko da kakin gwamnati a jikinsa, kuma abin da ido bai gani ba biro ba ya rubutawa. A haka aka zauna lafiya shekara da shekaru kafin Allah ya kawo ni.

Mahaifiyata, Inna, mutuniyar Argungu ce, 'yar masunta kuma matar masunci. Tun tana budurwa take bandar kifi, har ƙamshin hayaƙi ya zama ƙamshin jikinta. Bayan rasuwar Baba ta zauna ita kaɗai, gwiwa ta fara ba ta wahala, wata damina kuma ta zubar da rabin ɗakinta. Sau huɗu ina zuwa roƙo kafin ta yarda ta biyo ni. Abin da nake so bai wuce ɗaya ba, ta ƙarasa kwanakinta inda zan riƙa ganinta safe da yamma, in ta yi tari in ji.

Ni ne ɗanta na fari, don haka kunyata take ji irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta duban idona, ba ta yi mini magana kai-tsaye. In tana da saƙo sai ta ba matata, ko da muna zaune a tabarma ɗaya. In matata ba ta nan sai ta ba bango. Sunana a bakinta "akawu", kuma yadda take furta shi ba za ka rantse yabo ne ba.

Na ba ta ɗaki guda, na sa mata katifa da fanka, na ce ta huta. Ta huta kwana goma sha biyu. Ta share tsakar gida sau uku a yini, ta wanke tukwanen da aka riga aka wanke, ta tsince shinkafar da ba ko tsakuwa ɗaya a ciki. A rana ta goma sha uku, ina shan koko, ta dubi matata ta ce, "Ke ɗiyar ga, hwaɗa ma akawu ni ban iya zaman ga ba. Mutum shi tashi shi ci, shi koma shi zamna shi jira wani ci? Ko akuya tana tuƙa. A sa ni mota in koma gida."

Matata 'yar garin Augie ce, ta taso cikin albasa da shinkafa, ta san abin da zaman banza ke yi wa tsoho. Ita ta ja ni gefe ta ce, "Malam, in kana son Inna ta zamna, bar ta ta hura wutarta." Na tuna mata shafi na biyu. Ta nuna mini zanar Maman 'Yan Biyu, inda zakara ke cara a kan ganga, ta koma wankinta.

Cikin kwana uku Inna ta kwaɓa laka ta gina murhun banda a jikin bangon baya, ta ɗora raga a kai. Ƙanenta masunci ya shiga aiko mata da kifi daga Argungu ta hannun wani direban motar kasuwa, tarwaɗa da ranta a cikin daro da ɗan ruwa, wani lokaci da kurungu ko karfasa. Ta fasa, ta wanke, ta naɗe tarwaɗar ta soke wutsiya da tsinke, ta jera. Wutarta ba ta ci da harshe, itace kaɗan take sawa ta rufe da buntun shinkafa, hayaƙin ya yi ta shiga kifin a hankali har ya yi ja ya yi maiƙo. Ranar farko kafin la'asar mata huɗu sun yi sallama. Kafin wata ya cika, kwano na ƙetare zana daga gida zuwa gida, ya tafi da kifi ya dawo da sulalla.

Gwiwar da ta hana ta zuwa masallacin Idi sai ga ta tana tsugunne a kai rabin yini. Ta fara tsokanar Maman 'Yan Biyu ta saman katanga, tana ce mata kajinta duk 'yan boko ne, ba su san tono ba sai an kawo musu a faranti. Ni ma na yi ƙiba. Wata bakwai muka yi a haka, kuma ban tuna wasu watanni da suka fi su daɗi a rayuwata ba.

Amma shafi na biyu bai bar ni na yi barci ba. Zamanin soja ne, ana rushe rumfunan bakin titi, ana sa manya tsallen kwaɗo in sun makara zuwa aiki, ni kuma ina jiran ƙarin girma. Na ce rigakafi ya fi magani. Tunda sana'ar halal ce, me zai hana in je in biya mata haraji, in nemo mata izini a rubuce, mu zama gida ɗaya tilo a unguwar da ke cin kifinsa da takarda? Har na hango ana ba da misali da ni a taro.

Na yi kuskuren faɗa wa Maman 'Yan Biyu, don ina so ta yaba. Ta ajiye bokitin da ke hannunta ta ce, "Oga akawu, wane ne ya aike ka? Shekara tara ina sayar da ƙanƙara a gidan nan. Gwamnati bai tambaye ni ba, ni ma ban tambaye shi ba, muna zaman lafiya." Inna tana jin mu daga bakin murhu. Ta juya kifi ta ce wa bango, "A bar kaza cikin gashinta." Na yi murmushi irin na wanda ya je kwas, na ɗauki hulata.

Ofishin kuɗin shiga na fara zuwa. Mai karɓar harajin wani siririn mutum ne da ya saba bin mutane a kasuwa suna ɓuya a bayan buhuna. Da na gaya masa abin da ya kawo ni sai ya cire tabarau ya dube ni. "Kai da ƙahwarka? Ba wanda yak koro ka?" Na ce babu. Ya leƙa ƙofa ya kira abokan aikinsa, "Ku taho ku ga ikon Allah." Aka ba ni kujera mai hannu, har da ruwan sanyi.

Matsalar ita ce a jerin sana'o'in da ke littafinsa akwai mahauta, teloli, masu shayi, masu faci, masu injin niƙa, amma babu tsohuwa mai bandar kifi a bayan ɗaki. Suka yi shawara su uku. Ɗaya ya ce a sa ta cikin mahauta, aka ce kifi ba a yanka shi. A ƙarshe siririn ya yanke hukunci cewa duk inda aka gina murhu na laka, ana hura wuta, hayaƙi na tashi, jama'a na saye, to gidan burodi ne. Haka Inna, wadda ba ta cin burodi don ta ce iska ce aka toya, ta shiga littafin hukuma a matsayin gidan burodi. Na biya ba ko ciniki. Ya rubuta rasit, ya zana lambar gidana manya-manya, ya buga hatimi har sau biyu don murna. Ina shirin fita ya ce, "Amma wagga takardar kuɗɗi ta. Izinin wuri ba nawa ba na, sai ka ga mai gidaje."

Mai duba gidajen kwatas dattijo ne mai sanyin hali, kullum da goro a kumatu, yana yawo a kan wani tsohon babur. Na san matarsa na aiko da kwano gidanmu duk Alhamis. Na zauna a gefensa na zayyana masa komai, na shimfiɗa rasit a kan tebur. Bai ko kalli rasit ɗin ba. Ya ce, "Akawu, kunnena na hagu ba shi ji sosai, kuma ta nan kaz zamna. Tashi ka tahi gida ka ci tuwo."

Sai na ɗauki kujerata na zagaya dama na maimaita.

Ya daɗe yana tauna goro. Sannan ya ce mini a fili, ba kwana-kwana, "Ɗana, babu izinin da kaka nema. Ba a taɓa buga takardarshi ba. Abin da kah hwaɗa min yanzu tsakanina da kai na. Don Allah kak ka rubuta." Na fito ina cewa a raina ga irin ragwayen da suka hana ƙasa ci gaba. Mutum ya yi mini sutura, ni kuma na ɗauka ƙyuya ce.

Washegari na zauna gaban tafireta na buga wasiƙa mai kyau, irin wadda malaminmu na kwas zai sa wa maki. Na bayyana girman murhun, da nisansa da taga, da bokitin yashin da na ajiye saboda gobara. Na manna kwafin rasit. Na yi kwafi uku, ɗaya na mai gidaje, ɗaya nawa, ɗaya kuma na aika babban ofis a Sakkwato don kada a ce an ɓoye wani abu. Karambanin akuya, gai da kura. Sakkwaton da takan shekara ba ta amsa takardar gyaran rufi ba, wannan karon cikin mako uku ta amsa. Ta ce mai gidaje ya je ya duba ya kawo rahoto.

Ya zo wata Talata da hantsi, na ɗauki uzuri a ofis don in tarbe shi. Ya kafe babur, ya zo ƙofar zana ya tsaya daidai guntun kwanon nan mai rubutu. Hayaƙi na tashi a bayansa, ƙamshi ya cika layi. Ya ce, "Hayaƙin ga na girki na, ko?"

Na ce, "A'a, ranka shi daɗe, banda ta."

Ya yi kamar bai ji ba. "Gidan iyali na, ba ni shiga. Zan rubuta na zo ban ga komi ba, kuma ban yi ƙarya ba."

Na ce, "Ai tsohuwa ta, uwata ta. Bismilla."

"Akwai matarka."

"Tana ɗaki, na ce ta rufe ƙofa."

Ya juya zai koma wajen babur. Ni kuma so nake ya ga tsabtar wurin, ya ga bokitin yashi, ya rubuta wa Sakkwato cewa wannan gida ya cancanci a ɗaga masa ƙafa. Wallahi hannun rigarsa na kama. Na ɗaga zanar da hannu ɗaya, na jawo dattijon nan da ɗayan, na shigar da shi tsakar gidana.

Inna na tsugunne gaban murhu. Ta ja mayafi ta rufe kai, ta dubi baƙon, ta dubi bango, ta ce, "Lalle yau mun yi baƙo." Ta zaɓi tarwaɗa mafi girma, ta sa a faranti da yaji ta tura masa. Ya zauna a kan turmi ya ci a hankali, kamar mai cin sadakar uku. Da ya gama ya wanke hannu a famfo ya ce, "Inna, ki gahwarce ni. Wata bakwai ina cin kihin ga da baki, yau an sa ni na gan shi da ido." Bai kalli bokitin yashin ba.

Takarda ta zo bayan kwana goma. An ba ni mako biyu, ko in rushe murhu ko in miƙa mabuɗi. Na ruga wurin mai haraji da rasit ɗina, na ce ga hukuma ta karɓi kuɗin sana'a, ga hukuma ta ce sana'ar haramun ce, wacce zan bi? Ya ce shi a wajensa Inna na da iko ta banda ko da kada ne, har zuwa ƙarshen shekara. Na ce to a mayar mini da kuɗina. Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce abin da ya shiga asusu ko mai asusun bai isa ya fito da shi ba.

Labari ya zaga unguwa kafin magariba. Kekunan ɗinki suka yi shiru, man gyaɗa ya daina ƙamshi, kajin Maman 'Yan Biyu suka tafi hijira gidan wata 'yar cocinsu a cikin gari, a cikin kwali, a bayan keke. A masallaci sahu ya riƙa buɗewa a gefena. Amma ba wanda aka taɓa. Mai gidaje ya rubuta rahoto a kan gidan da aka jawo shi ciki kaɗai, sauran gidajen duk na iyali ne. Bayan mako guda kajin suka dawo.

Na ɓoye takardar a aljihun kaftani, na mance cewa matata ke wanki. Ban ce wa Inna komai ba, ita ma ba ta ce wa bango komai ba.

Akwai mafita, kuma na san ta. A cikin tsohon gari ba mai hana kowa hura wuta a gidansa. Na je na duba wani gidan haya can, mai zaure, ginin ƙasa, rijiya a tsakar gida, makewayi ɗaya da wasu magidanta biyu. Inna za ta yi bandarta a nan har ta gaji. Na tsaya na dubi gugar rijiyar, na ce wa mai gidan zan yi shawara. Da na dawo kwatas na murɗa famfo don in yi alwala, ruwa ya zubo, na tsaya ina kallonsa. Shekara shida na yi ina bin layi kafin a ba ni gidan nan. Ina son in ce dabara nake nema a kwanakin da suka biyo baya, amma ƙarya ne. Jira nake wani ya yanke mini hukuncin, don kada a ce ni na zaɓa. Kullum na yi niyyar cewa "mu tashi", sai in ga gobe ma rana ce.

Ana saura kwana ɗaya wa'adi ya cika, na taso daga ofis, tun daga bakin layi na ji ba ƙamshi. Na ɗaga zana na tarar da murhun a farfashe, taɓarya na jingine a gefe, an share tokar an tara lakar wuri ɗaya. An wanke ragar an kife ta. Ba abin da ya rage sai baƙin hayaƙi a bango, ya fi tsayin mutum. Inna na zaune a tabarma, hannuwanta a kan cinya. Ta ce wa matata, "Hwaɗa ma akawu shi rubuta ma Sakkwato an kashe wuta. Shi yi kwahi ukku."

Kunya ta rufe ni, kuma a ƙarƙashin kunyar na ji sanyi a raina cewa gidan ya tsira. Wannan sanyin ne har yau ban yafe wa kaina ba.

Ta ƙara wata biyu a wurinmu. Na sayo mata rediyo, ta ce mutanen ciki surutu gare su ba su jiran amsa. Gwiwar ta dawo. Maman 'Yan Biyu ta ce ta zo su riƙa ƙulla zoɓo tare, ta je yini ɗaya ta dawo ta ce sana'ar da hannu ke yin sanyi a cikinta ba tata ba ce. Da ruwan damina ya ɗauke, sai ta ɗaure kayanta, wannan karon ba ta aiko a tambaye ni ba. Ƙanenta ya gyara mata ɗakin.

A tasha na yi ta magana, ina cewa za a sake duba lamarin, zan rubuta ƙorafi. Direban nan mai kawo kifi ya ɗora ragarta a saman mota. Da ta zauna, ta leƙo ta taga ta ce wa matata, "Gida mai hwamho ba a samunai kullum. Shi riƙe abinai, ya sha wuya kahin shi samu. Ki riƙa sa mai yaji kaɗan, cikinai ba shi son shi tun shina yaro." Ban taɓa sanin ta lura ba.

Kifi ya ci gaba da zuwa duk mako, yanzu a bandance, ƙunshi biyu. Ɗaya namu, ɗaya na mai gidaje, ta ce saboda kunyar da aka ba shi a gidan ɗanta. Da shekara ta zagayo siririn mai harajin nan ya zo har ƙofata, da fara'arsa, wai lokacin sabunta lasin gidan burodi ya yi. Na ce an rufe. Ya ce to sai in rubuto a sanar da su. Ban rubuta ba, kuma ina jin gidan burodin na nan a littafinsu har gobe.

Ina zuwa Argungu ƙarshen wata in na samu hali, wani watan kuma aiki ya hana. Kullum na je ina tarar da ita gaban murhu, ta yi baƙi ta rame tana ba maƙwabta umarni. A damina ta uku, wata Laraba, direban ya shigo ofishinmu ba ƙunshi a hannunsa, ya cire hula. Zazzaɓin kwana biyu ne ya ɗauke Inna, ta hana a aiko mini don kada a tashe ni daga aiki. Ruwa ya ɓata hanya, motar ta yi ta tsayawa. Na isa bayan la'asar, an rufe ta tun azahar. Na kawo ta Birnin Kebbi don in ji tarinta, ga shi ko makararta ban ɗauka ba.

Baƙin bangon nan ba mu taɓa shafe shi ba. Duk Sallah ana yi wa gida farar ƙasa, mai shafen ya zo wurin sai matata ta ce ya tsallake, ni kuma in yi kamar ina duba wani abu.

Da aka yanke mana jiha, Birnin Kebbi ta zama babban birni, manyan ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato, aka buƙaci gidajen kwatas. Aka ba irinmu wa'adi mu nemi wani wuri. Gidan da na kama a cikin gari mai zaure ne da rijiya.

Ranar miƙa mabuɗi, motar kaya ta riga ta tafi da matata da yara, gidan ba ko tsintsiya. Mai gidaje ya zo a kan babur ɗinsa, ya tsufa, saura 'yan watanni ya ajiye aiki. Ƙa'ida ce ya duba ko'ina, duk ɓarnar da ya gani a rubuta a cire a albashi. Ya duba falo, ya ƙirga gilasan taga, ya leƙa ɗakuna, ya kunna fitila ya kashe. Ƙofar baya bai taɓa ta ba. Ya fita ta gaba, ya zagaya, ya tsaya a ƙofar zana inda guntun kwanon ke rataye, rubutun ya kusa gogewa. Daga inda muke ana hango kan baƙin hayaƙin ta saman zanar. Ya ɗaga kai ya dube shi, ya daɗe, sannan ya juyo.

"Akwai iyali ciki, ko?"

Na ce, "Akwai, ranka shi daɗe."

Ya rubuta abin da zai rubuta, ya miƙo hannu, na sa masa mabuɗin.